Sawun Baƙin Mai

Da sunan Allah nake buɗe bakina, Shi da ya shimfiɗa ƙasa, ya kuma sa ta riƙe labarin duk wanda ya taka ta.

Kwanan baya jikana ya goya ni a babur ya kai ni Maigatari dubiya. Da muka fito sai ya ajiye ni a tasha, ya ce in jira shi ya sayo wani abu. Na zauna a benci ina duban ƙasa, don mu mutanen da in mun zauna ƙasa muke duba. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ta daskare kamar daɓen ɗaki. Manyan motoci na tsaye ana loda musu buhuna za su ƙetare iyaka, kowace tana ɗiga ta ƙarƙashinta, mutane na bi suna takawa. Mai tallan gyaɗa ta dire farantinta a kai, wani ma ya shimfiɗa kwali a gefe ya ta da salla. Ban ga mutum ɗaya da ya sunkuya ya duba ba. Na ce a raina, ikon Allah, abin da ya kusa raba ni da raina yau ya zama abin takawa.

A zamanin da na tashi ƙasa tana magana, kuma ana saurarenta. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, a cikin rairayi mai laushi wanda ko ƙadangare ya gifta sai ya bar shaida. Abin da ke tashe mu da asuba shi ne kukan igiya a kan itacen bakin rijiya, don rijiyarmu mai zurfi ce, da sa ake jan guganta. Daga nan sai luguden mata ya ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, sai tarin tsofaffi a hanyar masallaci, sai muryoyinmu a gindin alluna. Ba a share ƙofar gida sai maigida ya fito ya duba ta. A nan zai san kura ta zo ko ba ta zo ba, akuyar wa ta kwana a sake, wane saurayi ne ya daɗe a tsaye a jikin danga. Muna da wata doka da ba a rubuta ba, amma ta fi rubutacciya ƙarfi, ita ce dokar sawu. In aka yi sata ko aka zub da jini, sai a kira mai bin sawu. Duk garin da sawun ya shiga, wajibi ne mutanen garin su nuna inda ya fita. In sun nuna, sun wanke kansu, a wuce gaba. In sun kasa, to mai laifin nasu ne, su fito da shi ko su ɗauki laifin gaba ɗayansu. Mai bin sawun yankinmu wani tsohon maharbi ne, gajere, wanda bayansa ya lanƙwashe saboda yawan sunkuyo. Mai Sawu kawai muke ce masa. In ya sami sawun da yake so, sai ya zagaye shi da tsinin sandarsa, ya kife ƙwarya a kai don kada kaza ko iska ta ɓata. Maganarsa a kan sawu ba a ja da ita. Malaminmu na allo, Allah ya jiƙansa, yana girmama shi ƙwarai. Yakan ce mana shi da Mai Sawu sana'arsu ɗaya, dukansu ɗigo suke karantawa, kuma ɗigo ɗaya ne ya raba dal da zal, wanda ya raina ɗigo ya ɓata aya.

Baffana, ƙanen mahaifina wanda ya riƙe ni tun ina maraya, bafatake ne. Fata da kanwa da gyaɗa yake kaiwa Kano a kan jakuna da raƙuma, tun ba a kawo layin dogo Gagarawa ba. Wata shekara ya dawo da labarin ya sayi mota a hannun wani Balarabe ɗan kasuwa, irin waɗanda muke ce wa Kwara, shi ma Kwaran a hannun wani Bature ya saya, Baturen kuma Allah kaɗai ya san inda ya samo ta. A lokacin na sauke, na yi aure, gemu ya fara tsiro mini, sai Baffa ya tura ni Kano na koyi tuƙi wajen wani Bayarabe. Tsohuwar mota ce doguwar ƙafa, bayanta katako, samanta tanti. Ba ta tashi sai an zura mata wani lanƙwasasshen ƙarfe a hanci an murɗa da ƙarfin tsiya. In ta tashi kuwa, tari take fara yi, sannan atishawa, sannan ta kama wani irin kaɗawa kamar ana casar dawa a cikin cikinta. Jakuna su tsinke igiya, mata su kwashe yara. Abinci biyu take ci, fetur da man inji, duka a gwangwani muke ɗauko su daga Kano. Tun ran da na karɓe ta na lura man injin ba ya daɗewa a cikinta. Na tambayi maigidana Bayarabe, ya ce tsohuwar mota da tsohon mutum duk ɗaya ne, ba a tambayarsu ina suka kai abin da aka ba su, ƙara musu ake yi. Haka muka riƙa yi.

Gabas da mu akwai ruga, tun kakanni suke nan, shanunsu na kwana a gonakinmu da rani su bar mana taki. Ardonsu abokin Baffa ne, kuma abokin wasansa, don mu asalinmu Mangawa ne, kowa ya san abin da ke tsakaninmu da Fulani. Ba sa haɗuwa su rabu ba su taɓa juna ba. Ran da Ardo ya fara ganin motar ya zagaya ta ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce wa Baffa, bawansa Bamange ya rasa abin da zai saya sai jakar da ba ta da hantsa, ba ta haihuwa, ba ta ba da taki. Baffa ya ce ai gara ita da saniya, don ita ba ta taɓa sa mai ita ya kwana a daji yana magana da sauro ba. Suka yi ta dariya har Ardo ya share hawaye da bakin rawaninsa.

Abin ya faru a ƙarshen bazara, lokacin da kowa ya gyara gona yana duban gabas. Mun taso daga kasuwar Maigatari da yamma, ni da Baffa da barorinsa biyu, mota cike da kanwa. Akwai wani kwari a hanya, gindin wata tsamiya, inda yashi ya fi zurfi. Nan ta kafe, ta mutu. Muka tona, muka shimfiɗa mata kara. Da na zo murɗa ƙarfen nan sai ya kuɓuce ya dawo da baya, ya tsaga mini damtsen hannun hagu kamar an sa wuƙa. Baffa ya yagi gefen rawaninsa ya ɗaure mini. Da ƙyar ta tashi, muka taho a hankali, tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa ba, barori na turawa, har muka iso gida. Na ajiye ta inda na saba, a ƙofar gida gindin durumi.

Abin da ba mu sani ba shi ne, bayan wucewarmu an tare babban ɗan Ardo a gindin tsamiyar nan yana dawowa daga kasuwa, aka sare shi a wuya. Da gari ya waye aka same shi kwance, wuƙarsa a hannunsa, jini har ƙota. Kowa ya gane ya soki wanda ya kashe shi kafin ya faɗi. Hanyar kasuwa ce, sawun mutane da na dabbobi ya hau kan juna, saboda haka Mai Sawu ya ce ba ƙafa za a bi ba, jini za a bi. Ya duba, sai ga wani baƙin tabo mai faɗi a cikin yashi, daga shi kuma ɗigo ya miƙe kudu, ɗaya bayan ɗaya, a tsakanin sawun ƙafafun mota. Jinin da ya kwana a rairayi baƙi yake zama. Mai Sawu ya ce mai raunin mota ya hau, jininsa ke zuba ta tsakanin katako.

Da hantsi ina zaune a zaure ina wanke allo na ji karnuka sun ɗauka. Ba ganga, ba kururuwa, sai ƙarar ƙafafu masu yawa a cikin yashi. Na fito. Mai Sawu ne a gaba, a sunkuye, Ardo na bayansa, sai samarin ruga da sanduna da kwari da baka. Bayansu kuma mutanen ƙauyen da tsamiyar ke cikin ƙasarsu, su ma da gatura, kuma sun fi kowa zafi, don in sawun bai tabbata a kanmu ba, kansu zai koma. Mai Sawu ya zo har ƙarƙashin mota, inda baƙin abin ya taru ya yi ɗan tafki, ya zagaye shi da sanda, ya kife ƙwaryarsa. Ya miƙe ya dubi Bulama, mai garinmu, wanda ya iso yana ɗaura rawani.

"Bulama, sawu ya shigo. Ku fitar da shi."

Babu inda za a fitar da shi, don a nan ya tsaya. Ana cikin haka sai wani ya nuna hannuna, ga tsumman rawani ya jiƙe ya bushe. Ban ga wanda ya fara ba. Na dai ji kamar an sauke mini turmi a ƙeya, na faɗi a kan fuskata, yashi ya cika mini baki. Sanda ta Fulani ba ta ƙara in ta sauka a jikin mutum, wani ɗan sauti take yi kamar ana bugun buhun gero, kuma na ji wannan sauti a jikina har na daina ƙirgawa. Na ɗaga hannun dama in kare kaina, aka karya shi ƙasa da gwiwa, na ji ƙarar karyewar kafin in ji zafin. Wani ya taka mini haƙarƙari. Haƙorana biyu na sama a nan na bar su. Baffa ya fito a guje ya kwanta a kaina yana kiran sunan Ardo, yana cewa ɗana ne, ɗana ne, aka fasa masa goshi da ƙotar gatari, jininsa ya zubo mini a wuya da ɗumi. Waɗanda ba su sami wurin dukana ba suka koma kan mota, suka farfasa fitilunta, suka keta tantin, suka sassare katakon. Aka ja ni ta ƙafa aka jingina da durumi, aka ɗaure. Ƙaramin ɗan Ardo, wanda muka yi wasan langa tare da shi muna yara, ya durƙusa a gabana ya ɗora mini wuƙa a maƙogwaro. Yana kuka yana dannawa, har wuƙar ta fara shiga fata.

Samarin garinmu kuma sun fito da hauyoyi da masu, sun yi layi a bakin masallaci. Bulama ya tsaya a tsakiya da hannuwa a buɗe yana roƙo a kai ni Gumel gaban alƙali. Aka ce masa ba inda za a kai ni. Kowa a wurin ya san in wuƙar nan ta gama shiga, kafin azahar za a ƙone ruga, kafin la'asar a ƙone gari. Ardo kaɗai ne bai ɗaga hannu ba, bai kuma hana ba. Yana tsaye ya dogara da sandarsa, ya ƙura wa ƙwaryar nan ido. Can gabas hadari ya fara haɗuwa, na farko a shekarar.

Da bakin da ya cika da jini na ce ba jini ba ne, mai ne, man mota ne. Maganar ta ƙara tunzura su. Wani daga mutanen tsamiya ya ce ya san man shanu fari, man gyaɗa rawaya, manja ja, to wace uwa ce ta taɓa soya baƙin mai? Na roƙa a ɗauko gwangwanin da ke zaure. Aka ɗauko, aka tsiyaya a tafin hannun Ardo. Sai ga shi garau kamar zuma. Na manta sabo haka yake, sai ya zaga cikin inji yake baƙi. Na yi ƙoƙarin in faɗi haka, aka rufe mini baki da mari, aka ce ga maƙaryaci ya kama kansa da kansa. Na yi kalmar shahada a zuciyata, na rufe ido.

Abin da ya tsai da wuƙar ƙuda ne. Jinina da na Baffa ya zuba a yashi, ƙudaje sun rufe shi, tururuwa ta ja layi zuwa gare shi. Mai Sawu ya tsuguna yana dubansu. Sannan ya je ya ɗaga ƙwaryarsa, ya zauna a kan dugadugansa yana jira. Ƙuda ya zo ya zagaya baƙin tafkin ya wuce. Tururuwa ta iso bakinsa ta juya. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, tun daga tsamiya har nan bai ga tururuwa ɗaya a kan ɗigon nan ba, abin ya dame shi a hanya amma ya danne. Mutanen tsamiya suka ce jinin jiya ne, ya bushe, me ƙuda zai ci a ciki. Suka ce tsoho ya tsorata ne. A nan Ardo ya yi magana, karo na farko. Ya ce wa ɗansa ya ɗaga wuƙar, kada ya mai da ita kube. Sannan ya dube ni.

"Ɗan Bamange, ka ce daga cikinta yake fita. Nuna mini ƙofar da idona. In na gani, ka tashi. In ban gani ba, a kabari ɗaya za ku kwana da ɗana."

Aka kwance ni, aka bar igiya a ƙafata, ƙaramin ɗansa na riƙe da ita. Na ja ciki na shiga ƙarƙashin mota. Na ɗaga ido na duba. Cikinta duk ya yi baƙi tun daga hanci har wutsiya, mai da ƙura sun haɗu sun yi kauri kamar bayan tukunya, har katakon ya jiƙe. Ko'ina na naso, ba wurin da za ka ɗora yatsa ka ce nan ne. Wanda ya ce daga katako yake zubowa ba za ka iya ƙaryata shi ba.

Inna, matar Baffa, wadda ba ta taɓa tsayawa gaban maza ba tun da aka kawo ta gidan, ita ce ta ratso taron da ƙwaryar toka a hannu, kanta ko ɗankwali babu. Ba ta dubi mijinta da ke kwance cikin jini ba. Ta durƙusa ta leƙo ni, ta ce in randa na tsatsa aka rasa wurin, wanke bayanta ake yi, a bari ta bushe, a shafe ta da toka, a zuba ido. Inda toka ta fara jiƙewa, nan ne tsagar. Ta ce ita ba ta san mota ba, amma duk abin da ke riƙe ruwa a cikinsa randa ne.

Da hannun hagu mai rauni na yi aikin. Na kankare da sakaina, na goge da yashi, Inna na miƙo mini ruwan toka da tsumma. Duk numfashin da na ja sai in ji kamar ana soka mini tsinke a haƙarƙari. Hadari na ta matsowa, iska ta fara kaɗa ganyen durumi, mutane na cewa ɓata lokaci nake. Da ƙarfen ya fito fes ya bushe, na bi shi da farar toka, lungu da saƙo, har cikin motar ya yi fari kamar an shafa masa alli. Muka jira. Ba abin da ya fito, don man ya yi sanyi ya yi kauri, wanda ke kusa da ƙofa kuma ya riga ya tsiyaye cikin dare. Sai an tashe ta ya yi zafi ya zaga. Ni kuwa ba hannun murɗawa, Baffa ba ya ko iya zama, barorinmu sun gudu. Na dubi mai riƙe da igiyata na ce masa in yana son gaskiyar jinin wansa, ya ajiye wuƙa ya kama ƙarfen nan. Na gwada masa yadda zai kwantar da babban yatsansa kada ta karya shi, na nuna masa damtsena na ce ga abin da ta yi mini jiya. Ya dubi raunin, ya dubi ƙarfen. Ya murɗa ta yi tari, ya sake murɗawa ta yi shiru, ya zage ta da Fulatanci ya murɗa da dukan ƙarfinsa, ta kama.

Taron ya watse baya, har da masu gatura. Ardo bai motsa ba. Ya jingine sandarsa, ya cire rawaninsa ya miƙa wa Bulama, ya kwanta a yashi, dattijo mai furfura, ya ja jiki ya shigo ƙarƙashin motar har kafaɗarsa ta taɓa tawa. Ƙarfe na kaɗawa a kan fuskokinmu, zafi na sauko mana, toka na zubo mana a ido. Ina jin warin nono da hayaƙin ruga a jikin rigarsa. Ba abin da nake yi sai salati. A can ƙasan tukunyar injin akwai wani ƙusa mai kauri da ake kwancewa in za a zubar da tsohon mai. A gefen wuyansa na ga tokar ta yi duhu, ɗan tabo kamar wanda alƙalami ke bari in ka ɗora shi a allo ba ka ja ba. Na bari ya gani da kansa. Tabon ya faɗaɗa, ya kumbura, ya yi nauyi. Ardo ya tara hannu, ɗigon ya sauka a tsakiyar tafinsa, baƙi, mai zafi. Ya jira na biyu ya sauka. Ya shinshina, ya ɗora a harshe.

"Wannan ba jinin ɗan kowa ba ne," in ji shi, a hankali, kamar da kansa yake.

Kafin ya fito sai na ji wani ɗigon ya bugi katako a samanmu, sannan wani, sannan da yawa. Mai Sawu ne ya fara gane abin da ke faruwa. Ya yar da ƙwarya ya kama gudu ya nufi arewa, tsoho mai lanƙwasasshen baya, samarin ruga na bin sa. Jinin gaskiya yana can gindin tsamiya, ya bi wata hanyar da ba wanda ya duba, kuma ba a kife masa ƙwarya ba. Ba su kai ko rabin hanya ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ruwan da muka yi wata muna roƙo, shi ya wanke ƙasar tas. Ardo bai fito daga ƙarƙashin motar ba har ta mutu don kanta. Yana kwance kusa da ni, hannunsa a dunƙule a kan ɗigon nan, ruwa na gudu ta ƙarƙashin bayanmu, ina jin kafaɗarsa na girgiza.

Ba a taɓa sanin wanda ya kashe ɗansa ba, har yau.

Bayan an yi sadakar bakwai, ina kwance a zaure maɗori ya ɗaure mini hannu da karare, sai ga sallamar Ardo. Baffa na gefe da ƙullin magani a goshi. Suka gaisa gaisuwar baƙi, ba wanda ya taɓa wani. Ardo ya tambaya ko an toshe ƙofar nan, na ce ba a toshe ba. Na kwatanta masa cewa a wuyan ƙusan akwai wani ɗan zobe mai laushi da ke hana mai fita, shi ne ya mutu ya tsage, kuma sai Kano ake samun irinsa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kuben wuƙar ɗansa, jan kirgi mai kauri wanda man shanu ya ratsa. Ya ce a yanka a ciki. Baffa ya ce haba, a nemi wata fata mana. Ardo ya ce wannan yake so.

Badukun garinmu ya zo da zarto da basilla. Muka tara kasko muka kwance ƙusan, man ya zubo, muka ajiye shi. Tsohon zoben ya fito a guntaye kamar busasshen ganye. Baduku ya auna wuyan ƙusan da zare, ya yanko zobe a jikin kuben, ya huda tsakiyarsa, muka shafe shi da narkakken ƙaro. Ƙaramin ɗan Ardo ne ya ɗaure ƙusan, ina gaya masa inda zai tsaya kada ya murje fatar. Bai dube ni ba, ni ma ban neme shi da ya duba ba. Aka mai da man, Inna ta sake kawo toka, aka shafe cikin motar, aka barbaɗa saura a ƙasa, aka tashe ta. Ardo ya tsuguna yana kallo har inuwar durumi ta juya. Tokar ta zauna fara sol. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki sandarsa da ragowar kuben.

"To, Bamange," ya ce wa Baffa, "jakarka ta daina fitsarin kwance."

Baffa, wanda bai taɓa barin maganar Ardo ta faɗi ƙasa ba, ya matso kusa da shi. Sai ya kama hannunsa ya riƙe.

Mai Sawu ya zo duba ni shi ma. Ya ce ƙasa ba ta yi masa ƙarya ba, sabon harafi aka rubuta a kanta wanda malaminsa bai biya masa ba. Ya ci gaba da sana'arsa, amma motoci suka yi ta ƙaruwa, aka kawo dogo, aka zuba tsakuwa a hanya, daga baya aka malala kwalta. Kiransa ya yi ta raguwa har ya rasu bai bar magaji ba. Yanzu da asuba ba na jin igiya a bakin rijiya, sai injin niƙa da babura. Ana share ƙofar gida ba a duba ta ba. In an yi sata sai a tafi ofis a ba da labari da baki.

Ina cikin wannan tunani jikana ya dawo ya ce in hau. Da ya janye babur ɗin daga inda ya kafe shi sai na ga sabon ɗigo a wurin, yana ƙyalli a kan tsohon baƙin. Na ce ya dakata. Na taka wajen mai shayi na roƙi toka cikin hannu. Jikan nawa ya yi dariya, ya ce, "Tsoho, ka fara rikicewa ke nan. Ai kowane babur yana ɗiga. Wa zai damu da ɗigo ɗaya?"

Na naɗe hannun rigata na nuna masa hannun dama, wanda ya ɗoru a karkace, wanda har yau in na riƙe alƙalami sai na dafe shi da na hagu kafin in sa wa harafi ɗigonsa. Na ce ya nemo tsumma ya durƙusa. Ya dubi hannun, ya dubi tokar, ya daina dariya, ya durƙusa.